Layi Na Sha Bakwai

Ƙarfe bakwai nake buɗe ɗakin karatu,
sanyin Jos na cizon yatsuna ta cikin safa.
Makulli uku ne, ɗaya sai an lallashe shi.
A bene Dokta Kangyang ta riga ta fara aji,
ina jin ƙarar allinta ta silin:
haihuwa, mutuwa, ƙaura.
Duwatsun murhu ke nan, in ji ta,
a kansu ake girka tukunyar kowace al'umma.

In an tashi sai su gangaro mini.
Wannan na neman alƙaluman Barikin Ladi,
waccan na son sanin mata nawa suka haihu a gida a Mangu,
Ɗanliti kuwa soket kawai yake nema.
Ina miƙa littafi, ina karɓar kati,
ina hana cin gyaɗa.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar jama'a
daga kanta zuwa tebur, daga tebur zuwa kanta,
mutum dubu ɗari a hammata ɗaya,
ba wanda ya taɓa yi mini nauyi.

Sai ran Laraba aka ce a fito da tsofaffin kundaye,
a ɗauki hotonsu a zuba a kwamfuta
kafin gara ta kammala nata binciken.
Akwati na huɗu, igiyarsa ta ruɓe.
Takardun bin gida-gida, unguwar Gangare,
shekarar da aka sa ni firamare.

Layi na sha bakwai.
Gida mai bishiyar gwaiba a ƙofa.
Maigida: direban tifa.
Matarsa: tana sayar da gwate.
'Ya'yan da ta haifa: uku.
Masu rai: uku.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Huɗu ne.
Akwai Tanimu, da ya zo bayanmu mu mata,
aka yanka masa rago mai baƙin kunne,
ya yi kwana goma sha tara
ya ga abin da ya gani, ya koma.
Inna ta dubi mai biro ta ce uku,
don ba a buɗe wa baƙo kabari a tsakar gida,
balle baƙon da ke duba agogo.

Na hau bene da takardar a hannu.
Dokta ta karanta, ta cire tabarau,
ta daɗe tana goge shi da bakin gyale.
Ta ce, Ladidi, mun san da wannan.
Uwa takan haɗiye lamba.
Shi ya sa muke da lissafi na musamman
mai auna shirun iyaye mata.
Ta rubuta wani abu a allo,
sifiri, ɗigo, da 'yan lambobi a baya.
Ta ce, ƙanenki na nan,
shi da 'yan'uwansa da ba a faɗa ba.

Na dubi ɗigon.
Ƙwayar acca ta fi shi girma.
Amma an ajiye musu wuri a bayansa,
kamar yadda ake rage tuwo
don wanda bai dawo daga kasuwa ba.

Ba a rubutu a cikin kundi.
Ni na buga dokar, ni na manna ta a bango.
Sai na zaro katin aro daga aljihun tebur.
Suna: Tanimu.
Wanda ya ara: Inna.
Ranar mayarwa: an mayar, ba a makara ba.
Na soke shi tsakanin shafi da shafi,
na ɗaure akwatin da sabuwar igiya.

Ina ɗagowa ga Ɗanliti da waya a hannu:
Anti, soket ɗin nan ba ya kawowa.
Na ce, gwada na bayan taswira.